In hoton Quest ɗinku yana rawa, ku fara duba ɗakin

'Yan uwa, gilashin Quest, wato na'urar kamfanin Meta da ake sawa a fuska a ga hoto kamar ana cikinsa, da kyamarorin jikinsa yake gane inda kuke tsaye da inda kuka juya kai. Farin bango fes ko ɗaki mai duhu-duhu ba ya ba shi abin kamawa. Ku kunna fitila, ku shimfiɗa darduma mai zane, ku lulluɓe madubi da zani, don madubi na ruɗa shi sosai. Kyamarorin kuma a goge su da ƙyalle mai laushi, busasshe.

In rawar ba ta daina ba, ku shiga saiti ku mai da mitar haske, wato saurin ƙyaftawar fitilar lantarki da kyamarorin ke bi, 50Hz, daidai da wutar Najeriya da Nijar. Kada dai ku fita da shi rana: tana ƙona allon ciki ta gilasan nan biyu da ido ke leƙawa ta cikinsu.