Kafin a Tura Mai Mummunan Rauni Zuwa Babban Asibiti

Daga asibitin karkara zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, tafiyar kan ci awanni, kuma abin da ke kashe majiyyaci a hanya galibi zubar jini ne ko toshewar numfashi. Waɗannan biyun ne aikin ƙaramin asibiti. Ɗaukar hoton ƙashi ya jira a isa can.

A fara da jinin da ke tsartuwa. A cusa auduga mai tsabta cikin ramin raunin, a danne da hannu na tsawon minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In hannu ko ƙafa ne kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaura ƙyalle mai faɗin yatsu huɗu, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin a jikinsa. Ban da igiya ko waya, suna yanka nama. Ɗaurin da bai matsu ba ƙara zubar yake yi, domin ya tare jinin da ke komawa ya bar mai zuwa.

Jinin da ba a gani ya fi haɗari. Wanda babur ya kayar, ƙugu na ciwo, bugun jini na sauri, wataƙila ƙashin ƙugu ne ya karye yana zubar da jini daga ciki: a zagaya masa zani daidai kan ƙasusuwan cinya, ba a kan tumbi ba, a ɗaure tamau, a haɗa gwiwoyi. A ba shi tranexamic acid, maganin rage zubar jini, gram 1 ta jijiya cikin minti 10, sannan wani gram 1 cikin awa 8, muddin raunin bai wuce awa 3 ba. Bayan haka amfaninsa ya wuce.

A sa kanula (robar ƙarin ruwa ta jijiya) biyu manya, lamba 16 ko 18. Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin ledar ƙarin ruwa ɗaya bayan ɗaya: ruwa mai yawa yana tsinka jini ya ɓalle gudajin da ya fara toshe raunin. A ba da ruwan ƙari na Ringer mililita 250 zuwa 500 a hankali, har a ji bugu a wuyan hannu. Mai rauni a kai kuwa yana buƙatar awon jininsa na sama ya kai 110. A cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi da bargo ko da rana ake yi, jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa.

Wanda ya suma, a turo muƙamuƙinsa gaba ba tare da lanƙwasa wuya ba, a zuƙe jini da amai, a sa oksijin lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya. In gefe ɗaya na ƙirji ya yi shiru, numfashi na ƙara tsananta, wataƙila iska ce ta taru a ƙirjin: a soka babbar kanula tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5, gaban hammata, likita ya sa bututun ƙirji kafin mota ta tashi.

Karaya mai buɗaɗɗen rauni a wanke, a rufe, a ɗaure da katako, a yi allurar tetanus da ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta. In an ga jini a bakin mafitsara, kada a sa robar fitsari.

Mai raunin harsashi ba ya jiran takardar 'yan sanda; dokar Najeriya ta 2017 ta wajabta yi masa magani nan take.

A kira asibitin da za a je tukuna, a tabbatar da gado da likitan tiyata. Ma'aikacin jinya ya zauna a baya tare da majiyyaci, riƙe da takardar da ke nuna lokacin rauni, magunguna da awon da aka yi. 'Yan uwa masu iya ba da jini su bi motar.