Babi Na Shida: Idan Damuwa Ta Yi Wa Zuciya Nauyi

Darasi na 1: Sunan abin da ke damun mutum

Kowa ya ɗauko littafin rubutunsa da fensir, ya buɗe sabon shafi, wato shafin da ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. A can sama ku rubuta kalmomi biyu da manyan baƙaƙe: DAMUWA da FARGABA. Wanda hannunsa bai saba ba tukuna ya kwaikwaya a hankali, domin a wannan aji ba a yi wa kowa dariya.

Babu ɗan Adam da ba ya baƙin ciki. Wanda aka yi wa rasuwa, ko jarinsa ya karye, ko aurensa ya mutu, dole ransa ya ɓaci, kuma yawanci abin yakan lafa da kansa. Amma idan ƙuncin ya zauna kusan kullum, tun safe har dare, har ya kai mako biyu, wato kwana 14, ko ya wuce haka, ma'aikatan lafiya suna kiran wannan ciwon damuwa. Mai shi yakan daina jin daɗin abin da a da yake so, abinci ya fita daga ransa ko ya riƙa ci ba ƙoshi, barci ya ƙaurace masa ko ya kasa tashi daga shimfiɗa, jikinsa ya mutu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani ga kowa.

Fargaba kuwa ita ce tsoron abin da bai zo ba. Gaba yana faɗuwa, zuciya tana bugawa da sauri, tafin hannu yana gumi, numfashi yana sarƙewa, alhali babu wanda ya biyo mutum da sanda. Sau da yawa su biyun tare suke zuwa.

A shekarun da na yi ina koyar da manya, ban taɓa jin ɗalibi ya ce mini yana da ciwon damuwa ba. Abin da nake ji shi ne: "Tunani ya yi mini yawa," ko "Kaina zafi yake yi," ko "Wani abu ne ya tokare mini ƙirji." Wata ɗaliba mai sana'ar ƙosai, wadda ta fi kowa saurin gane haruffa, ta zauna makonni a layin baya ta zuba wa allo ido, fensir a hannu, shafinta fari fat. Na ɗauka lalaci ne, har na yi mata faɗa a gaban aji. Daga baya na ji cewa ta yi wata biyu ba ta samun barci sai gab da asuba. Har yau ina jin nauyin faɗan nan, kuma shi ya sa na rubuta wannan babi.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya. Wannan adadi ya zarce yawan mutanen Najeriya baki ɗaya, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Saboda haka wanda abin ya sama kada ya ɗauka shi kaɗai ne, kada kuma ya yarda a ce masa ƙarancin imani ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan nemi tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki. Addu'a da neman magani ba sa faɗa da juna, kamar yadda mai zazzaɓi yake roƙon Allah lafiya yana kuma shan maganinsa.

Darasi na 2: Numfashi

Wannan darasi ya fi sauran tsawo, domin a nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure.

Idan fargaba ta taso, numfashin mutum yakan gajarta, ya riƙa ja da sauri daga saman ƙirji. Wannan saurin yana ƙara masa jiri da bugun zuciya, jirin ya ƙara tsorata shi, tsoron kuma ya ƙara saurin numfashin. Idan mutum ya sassauta numfashinsa, musamman wajen fitarwa, bugun zuciya yakan ragu kaɗan kaɗan, jiki ya fara sakewa.

Ka zauna a kan tabarma ko kujera, bayanka a miƙe. Ka ɗora hannunka na dama a kan cikinka, daidai cibiya. Ka rufe bakinka, ka ja iska ta hanci kana ƙirgawa a zuci: 1, 2, 3, 4. Ya kamata ka ji cikinka ya ɗan taso ya ture hannunka. Daga nan ka ɗan buɗe leɓɓanka ka saki iskar ta baki a hankali kana ƙirgawa: 1, 2, 3, 4, 5, 6. Shiga da fita tare su ne numfashi ɗaya. Ka yi guda 10.

Ku dubi lambobin nan da kyau. Ta shiga ta tsaya a 4, ta fita ta kai 6. Shida ta fi huɗu, saboda haka fitar iska ta fi shigarta daɗewa. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan jimla da fensirinku: FITA TA FI SHIGA DAƊEWA.

Duk lokacin da na koyar da wannan a aji, abu ɗaya nake gani. Ɗalibi zai ja iska da ƙarfi har kafaɗunsa su kai kunne, sannan ya feso ta gaba ɗaya kamar mai hura wutar icce ɗanye. Kafin ya ce uku iskar ta ƙare, sai ya ci gaba da ƙirga huɗu, biyar, shida da baki kawai. Wannan ba daidai ba ne. Ku tuna yadda uwa take hura koko mai zafi a ludayi kafin ta ba yaro. Ba ta hurawa da ƙarfi, don kada ya fantsama. Siririyar iska take saki, doguwa, mai taushi. Haka ake so ku fitar da numfashi.

Mu sake. Hannu a ciki. Iska ta shiga ta hanci, 1, 2, 3, 4. Iska ta fita ta baki kamar ana hura koko, 1, 2, 3, 4, 5, 6. Idan ta ƙare maka a huɗu, babu laifi, ka ƙara tsuke leɓɓanka a karo na gaba, za ka ga ta kai biyar. Gobe ko jibi za ta kai shida. Dattijo mai shekara sittin da wani abu ya koya a ajinmu cikin mako guda, kuma da farko shi ma a uku yake tsayawa.

Mu sake kuma, wannan karon kowa ya lura da kafaɗunsa. Idan kafaɗu suna hawa suna sauka, da ƙirji kake numfashi. Idan hannun da ke kan ciki ne yake motsi, ka yi daidai. Mata, ku ɗan sassauta ɗaurin zane. Shiga huɗu, fita shida.

Wanda ya ji jiri ya dakata, ya yi numfashinsa na yau da kullum har ya wartsake, alama ce ta cewa ya ja iska da yawa ko ya yi sauri. Wanda kuwa ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashinsa ya sarƙe irin yadda bai taɓa ji ba, kada ya zauna yana ƙirga, a kai shi asibiti nan take, domin ciwon zuciya da asma su ma suna zuwa da irin wannan kama.

Darasi na 3: Littafin kullum

Ku buɗe wani sabon shafi. A gefen hagu ku rubuta ranakun mako, kowace rana a layinta, daga Asabar zuwa Juma'a. Gefen hagu shi ne ɓangaren hannun da ba a cin abinci da shi. Duk ranar da kuka yi numfashin nan guda 10 bayan sallar asuba ko da tashinku daga barci, ku zana ɗan da'ira a gaban ranar. Idan kun sake yi kafin kwanciya, ku zana na biyu. A ƙarshen layin ku rubuta kalma ɗaya game da ranku a wannan rana, kamar SAUƘI, ko NAUYI, ko TSORO. Wanda bai iya rubuta kalmar ba ya rubuta harafin farko kawai.

A nan sai na yi magana da babbar murya. Ajin da ya wuce na duba littattafai, fiye da rabi babu da'ira ko ɗaya. Da na tambaya, sai aka ce ai gaban bai faɗi ba a makon, shi ya sa ba a yi ba. Haba jama'a! Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba ka saba da numfashin ba lokacin da hankalinka yake kwance, ranar da fargaba ta kama ka a tasha ko cikin dare ba za ka tuna ko da ƙirgar ba. Minti biyu ne kacal. Kuna da lokacin hira a majalisa da duba waya har tsakar dare, amma minti biyu sun gagara? Ku manya ne, masu iyali, ba zan bi ku gida da bulala ba. Wasu kuma sun cika shafin da da'ira a rana ɗaya don malami ya gani, har tawadar iri ɗaya ce. Ni ba ku cuce ni ba.

Kuma wanda ya yi, ya yi shi daidai: shiga huɗu, fita shida, kamar ana hura koko.

Darasi na 4: Faɗa wa wani da zuwa asibiti

Numfashi yana rage fargaba, amma ba ya warkar da ciwon damuwa da ya yi nisa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, ɗan'uwa ko aminiya ko malami, ka faɗa masa abin da kake ji. Idan bakinka ya yi nauyi, ka fara da wannan jimla, ku rubuta ta yanzu: "Ina cikin damuwa, ina so ka saurare ni." Wanda aka zo wa da irin wannan magana kuma ya yi shiru ya ji, kada ya tari numfashin mai magana da cewa wasu sun fi shi wahala.

Idan alamomin da muka karanta a darasi na 1 sun kai kwana 14, ko sun hana ka sana'a da kula da gida, ka je asibiti mafi kusa ka faɗa wa ma'aikacin lafiya, ka tafi da littafin kullum ɗinka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, sannan akwai na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Wani da shawarwari kaɗai ake yi masa magani, wani a haɗa masa da ƙwaya. Maganin damuwa ba kamar na ciwon kai yake ba, yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kuma ba a daina shi rana tsaka ba tare da sanin likita ba. Mai jego da ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ko ba ta jin son ɗaukar jaririnta, ita ma a kai ta, kada a tsaya ana cewa iska ce.

Wanda tunanin kashe kansa ya zo masa ya faɗa wa wani a ranar, kada ya jira gobe. Wanda aka faɗa wa kada ya bar shi shi kaɗai, ya kawar da maganin ƙwari da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ya raka shi asibiti.

Kada ku sayi tiramadol ko kodin ko ƙwayar barci a hannun masu talla don rage tunani. Suna ƙara ciwo a kan ciwo, kuma tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Darasi na 5: Barci da motsi

Ku riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum. Goro da shayi da kofi suna hana barci kuma suna ƙara bugun zuciya, ku bar su daga la'asar. Ku ajiye waya nesa da shimfiɗa. Ku yi tafiyar ƙafa ta minti 30 a mafi yawan ranakun mako, da safe ko da yamma idan rana ta yi sanyi. Wanda bai iya 30 ba ya fara da 10.

Darasi na 6: Aiki ƙarami

Kowace safiya ka zaɓi aiki ɗaya ƙarami, kamar share ɗaki ko gaishe da maƙwabci, ka yi shi ko ranka ba ya so. Ka rubuta sunansa a littafin kullum.

Aikin gida: ku cika shafin ranakun mako da gaskiya, ku zo da shi aji na gaba. Da numfashin za mu fara, kuma zan bi layi layi in ga hannun kowa a kan cikinsa.