Idan furojestaron ya dame ki: kurakuran da mata suka fi yi da maganin ɗaukewar al'ada

Macen da likita ya ɗora a kan maganin homon, wato sinadaran da jikin mace ke rage samarwa a wannan lokaci, bayan al'adarta ta fara ɗaukewa, galibi abu biyu ake ba ta. Na farko istirojin, ko ƙwaya, ko man shafawa, ko filastar da ake liƙawa a fata. Shi ke kashe zafin nan mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da bushewar gaba. Na biyu furojestaron, wanda ba kasafai ake gode masa ba, domin amfaninsa ba a jin sa a jiki, wahalarsa kawai ake ji: jiri, kasala, kumburin ciki, nono ya yi tsami, kai ya riƙa sarawa, mace ta wayi gari ranta a ɓace alhali ba wanda ya taɓa ta. Duk wannan gaskiya ne, ba raki ba ne. Matsalar tana cikin abin da ake yi bayan an ji hakan.

Ajiye shi a ci gaba da istirojin kaɗai

Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne haɗari, kuma shi aka fi yi, saboda a ido dabara ce mai kyau. Mace ta lura duk ranar da ta sha kafson furojestaron sai jikinta ya mutu, in ta bari kuma garau take. Sai ta tura shi ƙasan akwati, ta ci gaba da shafa istirojin ɗinta, ba ta gaya wa kowa ba.

Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta riƙa kauri, kamar yadda ruwan damina ke fito da ciyawa a gona, furojestaron kuma shi ne mai nome ta. In babu shi, shimfiɗar za ta yi ta tohuwa wata bayan wata, a wasu matan har ta rikiɗe ta zama sankarar mahaifa. An koyi wannan darasi da tsada. A 1975 aka wallafa bincike guda biyu a Amurka da suka nuna cewa matan da ake ba istirojin shi kaɗai sun fi sauran kamuwa da wannan sankara ninki-ba-ninki, kuma daga nan ne likitoci suka koma haɗa shi da furojestaron. Wani gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 1996, shi ma a Amurka, ya gano cewa cikin shekara 3 kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da suka sha istirojin kaɗai shimfiɗar mahaifarsu ta yi irin kaurin da likitoci ke tsoro. Abin da ya sa lamarin ke da ban tsoro shi ne ba ya ciwo. Kina jin daɗin jikinki, abu yana can yana girma.

Saboda haka, muddin mahaifarki tana nan, ko dai ki sha biyun tare, ko ki ajiye biyun tare har ki ga likita. Waɗanda aka ɗauke wa wannan nauyi su ne macen da aka cire wa mahaifa gaba ɗaya, ita ma sai likita ya duba dalilin tiyatar, da kuma mai amfani da ɗan ƙaramin istirojin na sakawa a gaba don bushewa kawai.

Akwai ƙanen wannan kuskure, wato rage kwanaki. An ce kwana 12 a wata, sai mace ta mayar da shi 7, ko ta riƙa tsallake dare ɗaya. Ƙa'idar da aka saba da ita ga furojestaron irin na jiki, wato mai kama da wanda jikin mace ke yi da kansa, wanda ake sayarwa da sunan Utrogestan ko Prometrium, ita ce miligiram 200 na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, ko miligiram 100 kullum ba hutu. Ƙasa da haka kariyar ba ta cika. In ma istirojin ɗin da kike amfani da shi mai yawa ne, likita na iya ƙara furojestaron ɗin, ba ragewa ba. In kin manta dare ɗaya, kada ki haɗa biyu washegari, ki ci gaba kawai.

Lokacin sha, da abin da ke cikin ciki

Mata da yawa da ke kukan jiri ba maganin ne bai karɓe su ba, lokacin shan ne ba daidai ba. Idan aka haɗiye furojestaron, hanta tana sarrafa wani kaso nasa ya zama sinadarin da ke aiki a ƙwaƙwalwa a wurin da magungunan barci ke aiki. Shi ya sa ake cewa a sha shi da dare, dab da kwanciya. Wadda ta haɗa shi da ƙwayoyin hawan jininta na safe, ta sha bayan koko da ƙosai, sannan ta nufi ofis ko ta hau tuƙi, ita ta jawo wa kanta gyangyaɗi.

Abinci ma yana da hannu. Shan sa tare da abinci yana ƙara yawan abin da ke shiga jini, jirin ya ƙaru, don haka takardar da ke cikin kwalin Utrogestan ta ce kada a haɗa shi da abinci. Mu kuwa tuwon dare da miya mai mai ne ƙarshen abincinmu, wani gidan sai bayan isha'i ake sauke tukunya. Ki bar kamar awa 2 tsakanin cin abinci da shan kafson. Da azumi a kula sosai: kada a mayar da shi lokacin sahur, don za a wuni a galabaice a ɗora wa yunwa laifi. Bayan tarawihi, in ciki ya sauka, shi ne lokacinsa. Kuma in fitsari ya tashe ki cikin dare, ki ɗan zauna a bakin gado kafin ki miƙe, ki kunna fitila. Faɗuwa a banɗaki ga mace mai shekara hamsin da ɗoriya ba ƙaramin abu ba ne.

Gaggawar yanke hukunci, da kuma haƙurin da ya wuce kima

Waɗannan kurakurai biyu ne masu kishiyantar juna. Wata kwana huɗu kawai za ta yi ta ce maganin bai karɓe ta ba. Alhali tsamin nono, da kumburin ciki, da ɗan ciwon kai sukan lafa da kansu cikin wata 3 na farko, shi ya sa ƙa'idar kula da masu ɗaukewar al'ada ta Ingila ta sa a koma wurin likita bayan wata 3 da farawa, daga nan kuma shekara-shekara.

Wata kuma takan shekara tana kuka a ɗaki duk kwanakin da take shan sa, tana faɗa da miji da 'ya'ya, tana cewa ai haka girma ya gada. A ganina wannan ta fi ban tausayi, domin akwai mafita ba ta sani ba. Matan da tun suna 'yan mata ransu ke ɓaci sosai kafin zuwan al'ada, ko waɗanda suka yi fama da ciwon damuwa bayan haihuwa, su ne furojestaron ya fi taɓa wa zuciya. Ki samu ɗan littafi, ki riƙa rubuta ranar da kika fara sha, da ranar da kika gama, da yadda kika ji kowace rana. In bayan wata biyu ko uku kin ga baƙin cikin yana zuwa da kafson yana tafiya da shi, kin samu hujjar da za ki ajiye gaban likita, ba "ni dai ba na jin daɗi" kawai ba.

Ɗaukar cewa duk furojestaron ɗaya ne

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mafi yawan gyaran yake. Akwai irin na jiki da muka ambata, akwai kuma 'yan'uwansa na haɗi. Noretistaron, wanda ke cikin filastar Evorel Conti da wasu ƙwayoyin, danginsa ɗaya da homon ɗin maza, don haka ya fi kawo ƙurajen fuska da maiƙon fata da saurin fushi. Wanda ke cikin Provera wasu matan yana sa su kumburi da nauyin jiki. Wanda ke cikin Femoston kuwa ya fi kusa da na jiki, kuma mata da yawa da sauran suka wahalar sun fi jure masa. In ɗaya bai karɓe ki ba, akwai wani.

Hanyar shigarsa jiki ma ana iya sauyawa. Likitoci da dama kan umarci mace ta saka kafson Utrogestan a gaba da dare maimakon haɗiyewa. Ta nan yana isa mahaifa ba tare da ya fara bi ta hanta ba, sai jiri da kasala su ragu ƙwarai. Ba haka kamfanin ya rubuta a takardar maganin ɗaukewar al'ada ba, saboda haka da izinin likita ake yi.

Sai robar mahaifa ta Mirena, wadda mata suka fi sani a matsayin ta tazarar haihuwa. Tana sakin ɗan homon kaɗan kai tsaye cikin mahaifa, tana ba da kariyar da ake buƙata har shekara 5 ga mai amfani da istirojin, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne. Tana da wata riba: maganin homon na ɗaukewar al'ada ba ya hana ɗaukar ciki, kuma mace mai shekara 46 da al'adarta ke zuwa tana ɓacewa tana iya samun ciki ba zato. A watannin farko robar takan jawo ɗigon jini, wasu kuma sukan ji ta taɓa musu zuciya ita ma, amma ga da yawa ita ce ƙarshen wahalar.

Abin da ba a yi shi ne sauyawa da kanki a kemis. Primolut N sananne ne a wurin matanmu, musamman masu son jinkirta al'ada don aikin Hajji ko biki, kuma noretistaron ne a cikinsa, miligiram 5 kowace ƙwaya, alhali haɗaɗɗun ƙwayoyin ɗaukewar al'ada miligiram 1 ko ƙasa da haka suke ɗauke da shi. Yawansa yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai ƙiba.

Haka man shafawar nan da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp wai furojestaron na doyar daji. Gaskiya ne a shekarun 1940 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Russell Marker, ya fitar da furojestaron daga wata doyar daji ta Meziko, amma a ɗakin gwaji ya yi wannan aiki. Jikin mutum ba ya iya yin sa, ko kin shafa ko kin ci. Har man da ke ɗauke da furojestaron na gaske ma ba ya ratsa fata ya kai adadin da zai kare mahaifa.

Jini

A tsarin kwana 12 a wata, jini yakan zo bayan an gama sha, kamar al'ada. Wasu matan saboda sallah da azumi ba sa son dawowarsa, sai su bar kafson. Hukuncin wannan jini a ibada tambaya ce ta malamai, amma ta fuskar lafiya gyaran yana da sauƙi: in kin cika wata 12 ba ki ga al'adarki ta asali ba, likita na iya mayar da ke tsarin sha kullum, wanda bayan ɗan lokaci ba a ganin jini. Ƙaramin adadi kullum ya fi yi wa wasu sauƙi ma fiye da babba na kwana 12. In kuwa aka fara wannan tsari da wuri, ƙwai bai gama aiki ba, jinin zai riƙa zuwa ba ƙa'ida.

Ɗigon jini a wata 6 na farko, ko wata 3 bayan an sauya adadi, abu ne da aka saba gani. Wanda ya wuce haka, ko mai yawa, ko mai zuwa bayan saduwa, ko wanda ya dawo bayan an daɗe ba a gan shi ba, ba a cewa "ai maganin ne". A je a yi hoton mahaifa a auna kaurin shimfiɗar. Ƙarin da ke fitowa a mahaifa ya yi yawa a tsakanin matan Afirka kuma yana iya zama sanadi, amma hoto ne zai faɗa, ba zato ba. Mai ƙiba da mai ciwon suga su fi kowa hanzari.

Abin da ba a gaya wa likita

Rifamfisin na tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin su Tegretol, da wasu na ƙanjamau, suna sa hanta ta yi saurin narkar da homon, sai kariyar ta ragu kina ganin kina sha daidai. Ki kai duk magungunanki a leda, har da na gargajiya, a duba. In gyaɗa ko waken suya ba sa karɓar jikinki, ki faɗa tun farko: Prometrium da man gyaɗa ake haɗa shi, Utrogestan kuma yana da sinadarin waken suya. Kafson mai laushi ne, zafi na lalata shi, kada a bar shi a mota ko bakin taga a watan Afrilu, kuma a duba lambar NAFDAC a kwalin kafin a biya.

Akwai kuma alamomin da ba a jira musu ranar ganin likita: ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ciwon ƙirji ko numfashi ya riƙa sarƙewa, ciwon kai mai tsanani da ba ki saba da shi ba ko gani ya dushe, ido ya yi rawaya irin na shawara, ko baƙin cikin ya kai ki ga tunanin cutar da kanki. Ɗaya daga cikin waɗannan, a dakatar da istirojin da furojestaron duka, a tafi asibiti a ranar. Kullutu a nono shi ma a kai a duba cikin makon, kada a tsaya shafa masa man zafi.