Darasi na Tara: Intanet na Gayya

A karanta a hankali, sannan a tattauna.

A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Kowa ya ji a jikinsa. A nan Jos, telan unguwar Gangare mai tura hoton ɗinki ta WhatsApp ya ji, haka ma mai dankali a Farin Gada da ba ya sakin buhu sai ya ga alat.

To, kun san yadda unguwa takan gaji da sayen ruwan 'yan garuwa, ta haɗa kuɗi ta haƙa rijiyar burtsatse ɗaya? Intanet ma ana yi masa irin wannan gayya. Jama'a su sayi babban layi guda daga kamfani, su raba shi gida-gida ta iska. Kayan aikin nasu ne, su ke yanka abin da kowa zai biya.

Da aka zo nan a aji, wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, anya wannan ba satar layi ba ce?"

"A'a, Baba. Da kuɗinku za ku saya. Amma tun farko ku gaya wa kamfanin cewa rabawa za ku yi, ku kuma nemi bayanin ƙa'ida daga NCC kafin ku fara karɓar kuɗin mutane."

Ga yadda abin yake tafiya. Ana ɗora eriya a wuri mai tsayi, kamar saman bene ko kan tankin ruwa. Ita ke harba saƙo zuwa ƙananan eriya da ke kan rufin gidaje, daga nan waya ta kama Wi-Fi. Sharaɗin ɗaya ne: dole eriya ta ga 'yar'uwarta ido da ido. A nan Jos duwatsunmu suna da rana, don wanda ya hau tudu yana hango unguwa guda. Amma idan dutse ya shiga tsakani, magana ta ƙare, sai an ƙara wata eriya a kansa. Ko bishiyar mangwaro takan rage ƙarfin layi, musamman in ta jiƙe. Saboda haka kafin a sayi ko ƙusa, a hau rufin a duba da ido.

Ba sabon abu ba ne. A Kafanchan, nan kusa da mu, Gidauniyar Fantsuam ta kafa irin wannan layi mai suna Zittnet. A Mankosi ta Afirka ta Kudu, mutanen karkara sun kafa Zenzeleni a matsayin ƙungiyar gama-kai, suna kunna kayansu da hasken rana.

Mu ma sai da sola da batir, wutar NEPA kam ba a ɗora mata irin wannan amana. Sai kuma tsawa. Duk wanda ya yi damina a Jos ya san ta, kuma ƙarfen da ya fi kowa tsayi shi take fara nema. A binne sandar tagulla a ƙasa, a haɗa ta da turken eriya da waya mai kauri. Mutane sukan yi ƙyashin wannan kuɗi don ba a ganin aikinsa, har sai ranar da aka wayi gari da warin ƙuna.

A ganina, wurin da gayya ta fi mutuwa shi ne kuɗin gyara. Watan farko kowa ya biya da murna, wata na huɗu a fara "gobe zan kawo". A zaɓi ma'aji, a sayi littafi, a rubuta kowane kwabo. A kuma koya wa matasa biyu gyara, don ɗaya yana iya tafiya Abuja neman aiki.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: eriya, tsawa, ma'aji.

A ce kuɗin layi naira 60,000 ne a wata, asusun gyara kuma naira 20,000. Gidaje 40 ne suka shiga. Nawa kowane gida zai biya? Idan gidaje 8 suka janye, nawa zai hau kan sauran?

Wane gini ne ya fi tsayi a unguwarku, kuma wa za a je a roƙa?