Ido na zubar da ruwa amma a bushe yake: kurakuran da ake yi bayan cire yana

Da hunturu ya sauka a Bauchi za ka ga dattawan da aka cire wa yanar ido riƙe da hankici, suna ta sharar hawaye. Kana tambaya za su ce maka aikin ne bai yi ba. Galibi kuwa aikin ya yi, idon ne ya bushe.

Lokacin da likita ya tsaga gefen baƙin ido don ya fitar da yanar, wasu siraran jijiyoyi da ke sanar da ido cewa yana buƙatar hawaye sukan tsinke. Kafin su farfaɗo a kan kai wata ɗaya zuwa uku, wani ma ya haura, musamman mai ciwon suga. Sinadarin da ke hana maganin ɗigawa lalacewa shi ma yana ƙara busar da ido.

Babban kuskuren shi ne ƙin yarda. An rubuta wa Baba maganin jiƙa ido, ya ajiye shi a ƙarƙashin matashi, wai ina bushewa a idon da ke ambaliya? Wannan ruwan irin na yankan albasa ne, tsinkakke, ba shi da maiƙon da zai riƙe shi a kan ido, yana zuwa yana gangarewa. Alamun a fili suke: jin kamar yashi, raɗaɗi da yamma, gani ya dushe sai an ƙifta ya washe. A riƙa ɗiga maganin jiƙawar a kan lokaci, ba sai ido ya fara zafi ba. Wanda ke buƙatarsa fiye da sau huɗu a rana ya nemi likita ya sauya masa da marar sinadarin adanawa.

Sai masu jera kwalabe uku su zuba a tashi ɗaya. Na biyu yana wanke na farko ne kawai. Ɗigo ɗaya ya isa, a jira minti biyar kafin na gaba, kada bakin kwalbar ya taɓa ido.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne a tura yaro kemis da tsohuwar kwalba a ce ya sayo irinta. Cikin magungunan bayan aiki akwai na kashe kumburi wanda ake ragewa sannu a hankali har a daina. Idan aka zarce da shi wata da watanni, yana iya jawo hawan jinin ido, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Zuma, nonon mai shayarwa da ruwan sukari ba su da hurumi a idon da aka tsaga. Hajiya ta yi haƙuri da kwalli har likita ya ba da izini, don wani kwallin ma akwai darma a cikinsa.

Murza ido, kwanciya fanka na bugun fuska, zama a hayaƙin murhu, hawa acaɓa zuwa kasuwar Wunti ba tabarau, duk suna maida hannun agogo baya. Piriton da ake sha don mura shi ma yana busarwa. Batun alwala kuma, a tambayi likita tun ranar sallama yaushe ruwa zai iya taɓa idon. Kunya ke hana mutane tambaya.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar komai a matsayin bushewa. Bushewa tana damun mutum, amma ba ta hana shi barci don azaba. Ciwo mai tsanani, ja da ke ƙaruwa, kumburin fatar ido, ruwa mai kauri kamar mugunya, ko gani yana raguwa musamman a makon farko, wannan na iya zama ƙwayar cuta ta shiga cikin ido. A koma inda aka yi aikin a ranar. Idan masu aikin kyauta ne sun riga sun tashi, a nufi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko da ranar komawar da aka rubuta a kati ba ta yi ba.