Yadda nake canza baturan ɗakin motata, da yadda na daina kashe su

Wajen ƙarfe uku na dare uwargida ta tashe ni. "Maigida, hitar nan fa ta tsaya, yara sai rawar ɗari suke." Watan Janairu ne, mun yada zango a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, inda masu motoci irin tamu ke yin dandazo duk hunturu. Motar irin wadda Amurkawa ke kira RV ce, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ta hannu na saya. Gas na nan cike da tukunya, amma fankar da ke hura ɗumin da batir take aiki. Na ɗauko mitar awon wuta na gwada baturan, sai na ga bolt 11.4. Da gari ya waye na buɗe murafen baturan, ga farantan dalma nan a waje sun bushe ƙamas. Ko shekara biyu ba su yi ba, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi. Ni na bar su da ƙishirwa a zafin birnin Phoenix na Arizona, inda rana ke wuce digiri 43 kamar Sakkwato a watan Afrilu.

Wannan mota batura iri biyu ke gare ta. Akwai na tayar da inji, wanda aikinsa ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan ya huta. Akwai kuma na ɗaki, masu riƙe fitilu da famfon ruwa da fanka da inbata. Su waɗannan farantansu masu kauri ne, an yi su ne don a riƙa jansu a hankali tsawon dare. Duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata a gida ya san su, 'yan gida ɗaya ne. Kada tsada ta sa ka sa batirin inji a gurbinsu, 'yan watanni zai yi ya kwanta.

Kafin ka zaro kuɗi, binciki abin da ya kashe tsofaffin, in ba haka ba sababbin ma hanyar za su bi. Jona motar da wutar waje ka auna kan batir. Tsohuwar caja irin wadda na tarar a tawa a bolt 13.6 take tsayawa dare da rana, ba ta cika batir da wuri, ba ta kuma barinsa ya huta, sai dai ta yi ta ƙafar da ruwansa. Caja ta kirki hawa uku take yi: ta tashi zuwa wajen 14.4, ta riƙe a nan har ya ƙoshi, sannan ta sauko wajen 13.2 ta yi gadi. Ita na fara canzawa.

Ni masu ruwa na sake saye, irin na motocin filin golf, masu bolt 6 da ake kira GC2. Kowane yana da kusan 225 Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke adanawa), nauyinsa kuma ya kai kilo 28, don haka nemi mai kama maka, kada ka yi wasa da bayanka. Idan ka haɗa kan + na ɗaya da kan − na ɗayan, sun zama bolt 12, amma Ah ɗin na nan a 225. Sai ka haɗa irin wannan tagwaye biyu kafaɗa da kafaɗa, + da +, − da −, kafin ka sami 450. Rabin wannan ne naka. Batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, ko da zai iya bayarwa. Kuma a canza su gaba ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Sabo ɗaya a cikin tsofaffi uku, su za su ja shi ƙasa. Duba kuma lambar watan da aka yi shi, kada a sayar maka da wanda ya kwana biyu a shago.

Ranar aiki, fara da kashe komai: zare wayar wutar waje, kashe janareta da inbata. In akwai sola a rufi, katse wayar faifan kafin ka taɓa batir, domin na'urar da ke daidaita cajin ba ta son faifai na turo mata wuta babu batir a gabanta. Cire zobe da agogo. Azurfar da ke yatsanka in ta haɗa kan batir da ƙarfe, ja za ta yi nan take. Sa tabarau da safar roba, ka sa tsohuwar riga, don ruwan batir ba ya barin tufa. Ba taba, ba ashana. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin, ƙyas ɗaya ya ishe ta.

Sai ka ɗauki hoto da waya, ta kowane ɓangare, ka naɗa wa kowace waya salatif ka rubuta inda ta fito. Nan ne wurin da ya kamata ka ɓata lokaci. Mu mun saba ja shi ne +, baƙi shi ne −. To a yawancin waɗannan motoci na Amurka, baƙar waya ita ce +, fara kuwa −, irin tsarin wayoyin gidajensu. Wani dattijon Bature da muka yi maƙwabtakar zango ya nuna mini tasa: ja, baƙi da fari duk a akwati ɗaya, kowane mai motar da ya wuce ya ƙara tasa. Kada ka yarda da launi. Bi wayar da ido, wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen motar ita ce −. In ka juya su, sa'arka ita ce fis ya ƙone kafin caja.

Kan − ake fara kwancewa, shi kuma ake ɗaurawa a ƙarshe. Dalili shi ne jikin motar duka − ne. Muddin wayar na ɗaure, sufanarka ta taɓa kan + ta goga ƙarfe, ka haɗa wuta. Ni har naɗe hannun sufanar nake yi da salatif. Bayan ka fitar da tsofaffin, wanke gurbin da bekin soda da ruwa har kumfa ta daina tashi (da a gida ne, jiƙaƙƙiyar kanwa ma ta yi wannan aiki), amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir. Kankare bakin wayoyi da buroshin ƙarfe sai sun yi ƙyalli. Wadda ka ga ta kumbura ko ta yi kore a ƙarƙashin robarta, ta ruɓe, canza ta.

Jera sababbin yadda hoton ya nuna, ka ɗaure su tamau don kada su yi ta tsalle a hanya. In tagwaye biyu ne, ɗauki babbar wayar + daga na farko, ta − daga na biyu, don nauyin ya rabu daidai. Matse noti sosai amma ban da ƙarfin tuwo, kan batir dalma ne, yana tsagewa. Shafa ɗan basilin a kai. Mayar da sola a ƙarshe, sannan ka yi musu caji su cika fal kafin tafiyar farko. Tsofaffin kuwa mayar wa mai shago, a nan Amurka akwai kuɗin ajiya da suke riƙewa sai ka kawo tsohon.

Kulawar ba ta da yawa, mantuwa ce matsalarta. Duk wata nake buɗe murafe, da bazara kuwa duk mako biyu. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwa wanda aka samo daga tururi, ana sayar da shi a galan. Ba ruwan famfo ba, ba na leda ba, ba kuma abin da muke kira ruwan batir a bakin kanikawa ba, wato asid. Ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ana ƙarawa ne bayan caji, domin ruwan yana tasowa idan batir ya cika, in ka cika shi tun farko zai yi ambaliya. Sai fa in farantai sun leƙo, to rufe su da ruwa kaɗan tukuna, ka yi caji, sannan ka ƙarasa zuwa ɗan ƙasa da wuyan ramin.

Mita kuma ba ta faɗin gaskiya sai batir ya huta 'yan sa'o'i ba caji ba aiki. A nan 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, wajen 12.2 rabi ne, in ka ga 12.0 nemi caji yau ba gobe ba. Batirin da aka bari a sheƙe, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, in ya yi tauri ba ya komawa. Don tabbatarwa akwai ma'auni mai kama da sirinji da ke zuƙo ruwan kowane rami. Cikakke yana nuna wajen 1.27, kuma ramin da ya yi nesa da 'yan uwansa shi ne mara lafiya.

Ana yawan tambayata me ya hana ni komawa batirin litiyom. Kuɗi ne kawai. Ba ya shan ruwa, bai kai rabin nauyin na dalma ba, kuma kusan duk abin da ke cikinsa naka ne. Amma ba a cire wannan a jefa wancan. Yana son caja da ta san shi, ba a yi masa caji a ƙasa da digiri 0, kuma yana iya zuƙar wuta har altanetan mota, mai yi wa batir caji idan inji na aiki, ya yi zafi in ba a sa na'urar da ke taƙaita masa ba. Akwai kuma na tsakiya da ake kira AGM, shi ma na dalma ne amma a rufe yake ba a ƙara masa ruwa, sai dai in caja ta ƙona shi ba gyara.

Idan zan ajiye motar, sai na cika baturan, sannan na kwance kan − da hannuna. Makunnin katse batir da ke bakin ƙofa bai ishe ni ba, domin a tawa na'urar shinshinar gas da rediyo suna ci gaba da tsotsa ko an kashe shi, cikin 'yan makonni su sheƙe batir. A bayan murfin akwatin na manna takarda da biro a ɗaure da zare, nake rubuta ranar da na zuba ruwa da abin da mita ta nuna. Uwargida ce ke duba ta yanzu kafin ta fara haɗa kayan tafiya.