An taɓa yi miki tiyatar haihuwa, kina so ki haihu da kanki? Ga yadda za ki yi

Eh 'yar uwa yana yiwuwa, don an yanka ki sau ɗaya ba shi ke nan kullum sai yanka ba. Cikin mata 10 da ke gwadawa bayan tiyata ɗaya, 6 zuwa 8 suna haihuwa da kansu, in kin taɓa haihuwa da kanki ma damarki ta fi haka. Amma fa a asibiti, ba a ɗaki ba.

Fara awo da wuri a babban asibiti mai ɗakin tiyata, irin asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya, ki tafi da tsohon katinki ko takardar sallama. Likita na son sanin yadda aka yanka mahaifar kanta, tabon da kike gani a mara ba shi ne ke nunawa ba. Yankan kwance a ƙasan mahaifa shi ake bari a gwada, na tsaye a sama kam a'a. Zai duba dalilin tiyatar farko, ya yi sikanin ya ga kwanciyar yaro da inda mabiyiya take, in ta tare hanya ko yaro na gicciye to babu maganar gwaji. Tazara ma tana da muhimmanci, ƙasa da wata 18 tsakanin haihuwa biyun haɗarin na ƙaruwa.

Abin tsoron shi ne ɗinkin mahaifa ya ɓalle ana tsakar naƙuda, kusan mace 1 cikin 200, kaɗan ne amma in ya faru mintoci ake da su a ceto uwa da ɗa, shi ya sa wallahi raina ke ɓaci in na ji an ce bari ta ɗan taɓa a gida tukunna kar a ce raguwa ce. Naƙuda na farawa ki kama hanya. Kar ki yarda a sa miki ruwan naƙuda ko ƙwaya a kemis ko a gida, jiƙe-jiƙen saurin haihuwa ma ki bar su.

Ciwo mai tsanani a wajen ɗinki da ba ya lafawa, ko jini, ko naƙuda ta tsaya cak, ki gaya wa nas nan take.

Maigida kuma tun wata 8 a tanadi mai ba da jini, kuɗi, da lambar mai mota ko ɗan sahu da zai ɗaga waya ƙarfe 2 na dare. In likita ya ce a shiga tiyata, a sa hannu kawai dan Allah.